Batir Mai Hoton Rana

Ranar da batirin sola ya mutu a gidan Inna Shatu da ke Mandera, babu wanda ya tsaya duba batirin. Amarya aka duba.

Bahijja ce amaryar, 'yar Bodinga, matar Badaru autan Inna Shatu. Yarinya ce mai saurin dariya, irin wadda ko tuntuɓe ta yi sai ta yi wa dutsen sannu. Ga ta da hannun kitso, domin tun lallen biki bai gama barin ƙafarta ba matan unguwa suka fara shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta suna jiran layi. Ta tarar da gida cikin haske. Ana dab da biki Inna Shatu ta sayar da bajiminta ta ce ita ma a sa mata wutar rana, ta gaji da kwana da mafici a hannu duk bazara. Babban ɗanta Lirwanu ne ya karɓi aikin. Ya tafi Sakkwato ya dawo da farantan sola aka ɗora bisa rufi, da inbata, akwatin da ke rarraba wutar, mai 'yar fitila koriya, da wani ƙaton baƙin batir da aka manna wa hoton rana a gaba, rana mai ido da baki tana murmushi. A makon ne kuma sabon babur ya bayyana a ƙofar gida, amma wannan ba wanda ya haɗa shi da wancan.

Shi Lirwanu Allah ya yi shi da son a ce ya sani. Tun da aka kafa sola ya zama injiniyan unguwa ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya ja waya zuwa zaure ya kafa talabijin, samari na kallon ƙwallo, wayoyin rabin gari na jere a tabarma suna shan caji kamar an shanya barkono. Ba a kashe komai sai inbata ta gaji ta yi tsuwa ta ɗauke da kanta. Inna Shatu kuwa ba ta tambayarsa komai, saboda ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "Wancan" take ce masa, in ya shigo gaisuwa ta kau da kai ta amsa wa bango.

Ba a daɗe ba batir ya fara gajiya. Da fanka kan kai Inna har asuba, sai ta koma tsayawa bayan isha, daga baya ko sallar magariba ba a idarwa inbata za ta fara kuka. A ƙarshe 'yar fitilar nan ta koma ja, ta zauna a ja.

Da hantsi Bilki maƙwabciya ta shigo karɓar wayarta, ta tarar ko ɗigon caji ba ta sha ba. Bilki irin matan nan ce da ba sa faɗar magana, sai dai su ajiye ta a gefe wani ya ɗauka. Ta zauna kusa da Inna Shatu, ta bi Bahijja da kallo tana wucewa da bokiti.

"Inna, ni ko in tambaye ki, yaushe amaryagga tat tare?"

"Ba ta daɗe ba. Mi kig gani?"

"A'a, ni ban ga komi ba hwa. Na dai ga wutagga lahiyarta lau kahin a kawo ta. Kin san akwai ƙahwa akwai ƙahwa."

Inna Shatu ta sauke ido kan ƙafar surukarta. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa: an kawo wa Inna Shatu mai farar ƙafa, macen da duk inda ta taka arziki ke tattara komatsansa.

Da maganar ta iso kunnen Bahijja, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ɗaga ƙafa ta nuna wa mijinta.

"Malam, duba mini don Allah. Wagga ƙahwa da ta kusa gawayi baƙi, wai ita ta hwara? Ko hakiya ta kama mutanen garinku?"

Badaru ya taya ta dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. "Rabu da su, maganar mata ta. Gobe sun manta."

Ba su manta ba. Inna ta sayar da tunkiya, Lirwanu ya hau sabon baburinsa ya kawo batir na biyu, shi ma da ranarsa mai murmushi. Wannan karon Inna Shatu ta kafa doka. Batirin yana wani ɗan ɗaki jikin nata, wayarsa kuma ta ratsa tsakar gida a ƙasa har zaure. Doka ta ce kada Bahijja ta gitta ta ƙofar ɗakin batir, kada kuma ta tsallake waya. Tsautsayi, ɗakinta yana wannan gefen, madafa da rijiya suna wancan. Don haka ko gishiri za ta ɗauko sai ta zagaya ta bayan ɗakin Inna, ta bi wani matsattsen lungu inda ake ɗaure awaki ana zubar da toka, sannan ta ɓulla madafa.

Da farko wasa ta mai da abin. In ta shiga lungu sai ta ce, "Sannunku maƙwabta, an tashi lahiya?" Har ta ƙulla ƙawance da wata kyallar akuyar Inna, mai ɓarna da cin duk abin da ta samu, tana ajiye mata ɓawon dankali. Amma wasa-wasa ƙaramar magana ta fara zama babba. Masu kitso suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce da ƙafa take kitson. Wannan ta ce kanta ke ciwo, waccan ta ce mijinta ya fi son kalaba. Albasar da ke cikin rudu, rumbun karan da ake ajiye ta, ta ruɓe kaɗan kamar yadda take yi kowace shekara, aka ce ai an ga Bahijja ta wuce ta wurin. Kaza ta fasa ƙwanta, aka ce ita ta ba ta tsaba.

Inna Shatu ba muguwa ba ce, wannan ya kamata a faɗa. Tsoro ne ya kama ta, shi kuwa mai tsoro yakan yi ɓarnar da mugu bai yi ba. Wata rana ta kira Bahijja ta miƙa mata ƙullin lalle.

"Ki riƙa ƙunshi, ɗiyata. Kar ki bari ƙahwagga ta zauna hili, ko Allah na sa hwarin shi ruhe."

Haka lalle, abin da mace ke yi don ado, ya koma mata magani. Wani bai fita ba an ɗora wani, har tafin ƙafarta ya yi baƙi ƙirin ya fara tsagewa.

Ranar da abin ya kai mata wuya ita ce ranar sunan gidan maƙwabta. Ta ci kwalliya, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauko sabulun barka, sai Inna ta tare ta a bakin lungu.

"Ki zauna ki huta, Bahijja. Jinjiri ɗanye na, kar wani abu shi same shi a ce mu na."

Bahijja ta koma ɗaki ta zauna da kwalliyarta tana jin guɗa ta katanga. Rannan ba ta yi dariya ba, kuka ta yi, kuka mai cin rai, na wanda aka ƙi shi ba a gaya masa laifinsa ba. Da Badaru ya dawo daga fadama ta gaya masa, ya sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, Inna ta. Tsohuwa ba a gardama da ita."

"To kai ka yarda ni na?"

"Ni ban yarda ba."

"To ka hwaɗa musu mana."

"Ai magana in an bi ta ƙara tsawo taka yi. Shiru ma magana ta."

Batir na biyu bai kai ko na farko kwana ba. Inna ta sake sayar da tunkiya, na uku ya iso, rana na murmushi kamar ba ita ta ci amanarsu sau biyu ba. Da aka gama haɗa shi Inna Shatu ta kira Badaru tsakar gida, ta yi magana da ƙarfi yadda ta cikin ɗaki za ta ji.

"Na saida sa, na saida tumaki. In wanga yam mutu, ka maida ɗiyar mutane gidansu. Ba ƙin ta nika yi ba, Allah ya gani, yarinya ta mai ladabi. Amma gida ya hi mutum guda."

Daga ranar auren Bahijja ya rataya a jikin 'yar fitila koriya. Kullum da magariba sai ta leƙa daga nesa ta ga ko tana nan koriya. A zaure kuwa ana ta kallon ƙwallo, duk ihun da samari suka yi an ci, ita ji take kwanakinta ake ci.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, kuma Allah ba ya rasa ɗan aike. Matattun batiran nan biyu a lungun awaki aka jefar da su, a hanyar da aka tilasta wa Bahijja bi. Wata safiya ta shigo da ƙwaryar gero a ka, sai ta tarar da kyalla tsaye kan batir tana tauna, rabin fuskar rana na lilo a bakinta.

"Ke dai ba ki da kunya, har rana kika ci?" in ji Bahijja, ta sunkuya za ta ƙwace.

Sai ta tsaya. A inda akuya ta ɓamɓare takarda, wani hoto ne a ƙasa: tirela shuɗiya da tayoyinta reras. Ta ajiye ƙwarya, ta sa farce ta ɗaye na biyun. Tirela ce ita ma. Bahijja ba ta san kan batir ba, amma ta san a gidan Gwaggonta a Bodinga akwai sola da ta daɗe tana aiki, kuma batirinta dogo ne fari, babu mota a jikinsa.

Da Badaru ya shigo cin abincin rana ta ja shi lungu ta nuna masa. Ta zaci zai yi salati. Sai ta ga ya sunkuyar da kai yana wasa da toka da yatsan ƙafa.

"Ka sani?"

"Tare munka je," in ji shi a hankali. "Yaya yac ce batir batir na. Wanda ka tada tirela da kayanta, hwanka ɗai ta za ta gagare shi? Kuma ya hi araha nesa. Mai shagon ya hwaɗa muna ba na sola ba na, sai Yaya yas sa anka manna hoton don hankalin Inna shi kwanta."

"Da na hwarko yam mutu hwa?"

"In ya sawo wani iri daban, ai Inna za ta gane na hwarkon kuskure na."

"To da anka ce ƙahwata ta?"

"Bahijja, ƙaƙa za ni tona Yaya gaban Inna? Babba na. Mun ga magana ta samu wurin zama, sai munka yi shiru. Mun zaci wucewa za ta yi."

"Ta samu wurin zama kam, bisa kaina taz zauna." Ta dube shi, muryarta ba ta ko tashi ba. "Ni na san an ce babba juji na, Malam. Ashe gidanku amarya ta juji."

Abin da ya fi ƙona mata rai ba Lirwanu ba ne, ba Inna ba ce, ba ma Bilki ba. Mutumin nan ne da yake ganin tsagewar ƙafarta kullum, yana ce mata ta yi haƙuri. Ba ta yi hayaniya ba. Ta gama tuwo ta raba wa kowa, ta wanke tukunya, ta sa hijabi, ta durƙusa daga nesa da ƙofar Inna.

"Inna, za ni gida, in bar wuta ta huta."

Ta hau kabu-kabu zuwa Shagari, daga nan ta shiga motar Bodinga.

Gwaggo Rukayya, ƙanwar mahaifinta wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, tana sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi, firjinta kuma da sola yake aiki. Mace ce mai jiki da murya, ba ta iya raɗa ba. Da ta ji labari ta yi dariyar akuya har da hawaye, da ta ga tafin ƙafar 'yarta kuma dariyar ta tsaya cak.

"An bar jaki ana dukan taiki! Ke, batirin mota awa ɗan dambe na, naushi guda shika yi, shi tada inji, shi koma shi huta. Na sola kau jaki na, a hankali shika jan kaya tun magariba har sahe. Ka aza ma ɗan dambe taiki kullum, kwana nawa zai yi? Wanga ko ƙahwar waliyyi ag gidan, mutuwa zai yi. Zauna nan, mu ga wa za su kama in yam mutu."

Bahijja ta zauna. Tana ƙulla zoɓo, tana yi wa matan Bodinga kitso, ba wadda kanta ya faɗi. Lallen dole ya fara kankarewa, dariyarta ta fara dawowa.

Ba a yi nisa ba sai ga Badaru ya zo biko, ya rame kamar wanda ya yi jinya, da turmin atamfa da goro da sabulu a leda. Gwaggo ta bar shi durƙushe ya gama gaisuwa tas, sannan ta tambaye shi lafiyar batir.

"Ya rasu, Gwaggo," in ji shi. "Har kumbura yay yi."

"Ikon Allah! Daga Bodinga ƙahwar tam miƙa?"

Nan ya ba su labari, Bahijja na bayan labule tana toshe baki. Wai da batir ya mutu Bilki ta ce sawun amarya ne ya rage a ƙasa. Inna ta share tsakar gida, ta share lungu, ta sa aka kwashe ƙasar ƙofar ɗakin aka zubo sabuwa daga gulbi, fitila dai tana nan ja. Bilki ta ce to a duba ko ta bar takalmi. A nan ne Inna ta ce mata ta tashi ta je ta duba tukunyarta.

Ya tura ledar gaban Gwaggo. Ta leƙa ciki ta ture.

"Atamhwa ga jiki aka ɗaura ta, Badaru. Sunan da kunka ɓata, mi za ta ɗaura mishi?"

Bahijja ta fito ta faɗi nata sharaɗin da kanta. Ita za ta zaɓi batir. Ta ƙofar zaure za ta shiga, ta tsallake waya. Kuma Inna za ta ga tirela da idonta, Yaya na tsaye.

Gumi ya karyo wa Badaru. "Bahijja, Yaya na hwa."

"Na sani. Ka daɗe kana jin kunyatai da ƙahwata. Yanzu ka ji ta da bakinka, ko ka koma da atamhwarka."

Ya koma Mandera. Ranar kasuwa ya fitar da kasonsa na albasa daga rudu ya sayar, ya dawo Bodinga.

Su uku suka je shagon kayan sola da ke bakin hanya, Gwaggo a gaba. Mai shagon bai nuna musu komai ba sai da ya tambayi abin da za a ɗora wa batirin. Badaru ya lissafa fanka, ƙwayayen wuta, talabijin, da wayoyi.

"Wayoyin gida?" in ji mai shagon.

"Na unguwa," in ji Badaru.

"To unguwa ta sayi nata," in ji Gwaggo.

Iri uku ya nuna musu. Akwai lithiyam, ƙarami mara nauyi, mai daɗewa, ba ya son komai daga gare ka, amma da aka faɗi kuɗinsa sai da Badaru ya nemi benci ya zauna. Akwai busasshe, wanda ba a zuba masa ruwa, sai dai zafin ƙasar nan na rage masa kwana. Sai kuma mai ruwa, dogo fari mai nauyin tsiya irin na Gwaggo. Shi wannan yana jure wahala, amma yana son a ajiye shi inda iska ke shiga, a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir na kwalba, ba na rijiya ba, kada a haɗa shi da tsohon batir, kada kuma a tatse shi ƙarƙaf, in ya kai rabi a bar shi ya jira rana.

Bahijja ta zagaya shi, ta sunkuya ta sa farce a gefen takardar jikinsa ta ɗan ɗaga. Mai shago ya tambayi abin da take nema.

"Mota nika duba," in ji ta. Ta miƙe ta dafa batirin. "Wanga nika so. Mai haƙuri na, amma in ba a kula shi ba tahiya shika yi."

Ta faɗi haka tana kallon Badaru, shi kuma ya ji.

Da la'asar suka isa Mandera. Kafin a sauke batir daga mota gida ya cika da mata, Bilki ta riga kowa samun wuri. Bahijja ta shigo ta zaure, ta zo daidai waya ta tsaya, ta yi bisimilla ta tsallake. Wata tsohuwa ta ja salati. Badaru ya shiga lungu da baro, ya turo matattun batiran nan ya jera su gaban Inna, ya ɗauko na ukun ya ajiye a gefensu. Lirwanu na tsaye bakin zaure yana juya makullin babur.

Inna Shatu ba ta yi boko ba, amma ba a bukatar boko kafin a gane tirela. Ta duba na farko, ta duba na biyu. Ta sa hannu da kanta ta ɗaye ranar da ke jikin na uku.

"Inna, ni ma cuta ta anka yi," in ji Lirwanu da sauri. "Kayan zamani duk jabu na. Kuma ai ƙaddara ba ta wuce ranarta, wa yas san..."

"Yaya," in ji Badaru, "tare munka je. Gabana kas sa anka manna."

Inna Shatu ta miƙe a hankali, ta juya, ba wajen bango ba, wajen ɗanta. Ta dube shi ido cikin ido.

"Lirwanu!"

Sai da ya waiga bayansa, don bai taɓa jin sunan da wannan murya ba. Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai, kunya ta kama kowa.

"Sa nis saida, tumaki nis saida, waɗanga dabbobi na, Allah na maidowa. Sunan ɗiyar mutane da kas sa nis saida, wace kasuwa za ni in sawo shi?"

Makullin da ke hannun Lirwanu ya daina juyawa. Sai Bahijja ta matso gaba. Ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a gefen sabon batir.

"Inna, a haɗa shi ƙahwata na bisa, kowa shi gani."

Aka haɗa. Fitila ta kawo koriya, fankar Inna ta yi juyi ɗaya a kasalance sannan ta kama gudu. Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka amsa, har Bilki, wadda ta fi kowa ɗaga murya.

Doka ta tashi daga ƙafar Bahijja ta koma zaure. Caji sai da rana tsaka, lokacin da faranti ke shan rana, talabijin kuma in batir ya kai rabi a kashe, ko da ana bugun fenariti ne. Makullin ɗakin batir da kwalbar ruwansa suna hannun Bahijja. Damina ta zo ta wuce, aka dasa albasa aka cire, fitila na nan koriya.

Lirwanu bai taɓa ba da haƙuri ba. Da ƙura ta lafa ma cewa yake shi ya ba da shawarar a canza iri. Amma unguwa ta biya wa Bahijja bashinta, don samarin da suka sha kallo a zaurensa su suka laƙaba masa Mai Tirela, sunan kuma ya bi shi har Kajiji. Lokacin kwasar albasa baƙi kan yi sallama da shi suna neman hayar mota. Masu kitso suka dawo, kowacce na rantsuwa ita dama ba ta taɓa yarda ba. Bilki har cewa ta yi Bahijja ta zo ta taka mata gindin rudu don albarka.

"A'a, Bilki," in ji ta. "Ƙahwata ta tahiya ta kawai, jiya da yau."

Ana ba da labarin nan ana dariya, ya kuma cancanci dariya. Sai dai a tuna, ba gaskiyar Bahijja ce ta cece ta ba, ba ladabinta ba, ba kuma mijinta ba. Akuya ce. Mata nawa aka mayar gidan iyayensu da wannan suna, don namiji ya yi kuskure ya ji nauyin faɗa, su kuma ba su samu akuyar da za ta ci musu takarda ba?

Tun da ta dawo Bahijja ba ta sake ƙunshi ba, ko warin lalle ba ta so. Ranar jajiberin Sallah da yamma tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsefe kai, sai ga Inna Shatu ta tsallako tsakar gida da kwaɓaɓɓen lalle a ƙoƙo. Tsohuwa ta zauna a ƙasa, ta jawo ƙafar surukarta ta ɗora a cinya. Bahijja ta ɗan janye.

"Inna, har yanzu hwarin bai ruhe ba?"

"Miƙo nan, ja'ira. Wancan na tsoro na, wanga na ado na." Ta fara shafawa a hankali, tana bin inda fata ta taɓa tsagewa, ba ta ɗago kai ba. "Ƙahwarki ba ta taɓa hwari ba, ɗiyata. Kaina na hwari, kuma hwarin banza."

Bahijja, wadda ke yi wa komai dariya, ta nemi dariyar ta rasa. Ta share ido da gefen zane, ta miƙa mata ɗaya ƙafar.